Karatun digiri daga nesa: wa ya gwada a nan Zariya?

Malama, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da NCE, ina koyarwa a wata firamare, ga yara ga hidimar gida. Raina na son digiri, amma zirga-zirgar zuwa harabar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Samaru ko ta Kongo kullum ba za ta yiwu min ba. Maigida ya amince in yi daga gida, ko a cibiyar karatu daga nesa ta ABU ko a NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa. Sai dai abokan aikina na ta cewa takardar ba ta da daraja. Don Allah wanda ya yi, ya faɗa min gaskiya.

Baban yara, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malama. Wannan tsohon zance ne. NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce, an farfaɗo da ita tun zamanin Obasanjo, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke tantance kwasa-kwasanta kamar na kowace jami'a. Ki duba ma, yara kusan miliyan 2 suka yi rajistar JAMB a 2024. Wane ɗakin lacca zai ɗauke su? Yajin aikin ASUU na 2022 kuwa wata 8 ya yi, 'yan NOUN suna ta karatunsu.

Ma'aikaciyar jinya, Kwangila:
Yaya, ni ina ciki yanzu haka, kuma ba na nadama. Amma kada kowa ya ce miki sauƙi ne. Sai na sallami yara sun yi barci nake jingina waya da kwalbar ruwa, in saka abin ji a kunne, in bi darasi har idona ya yi yaji. Ranar da ba wuta, a shagon caji wayar ke wuni. Data ma ta yi tsada tunda aka yi ƙarin kashi 50 a 2025, don haka ki riƙa sauke darussa ki ajiye. Babban abin shi ne ba malamin da zai tsare ki. Waɗanda muka fara tare, da yawa sun watsar, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, sai don an bar su su kaɗai. Ki nemi rukunin WhatsApp na 'yan ajinku tun makon farko.

Dattijo, cikin gari:
'Yata, irinki aka yi wa tsarin, ki yi bismillah. Yaron da ya gama sakandare bana ne ba zan so masa ba, shi yana buƙatar zama gaban malami.

Malama, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanwata ta Kwangila, jarrabawa fa, a gida ake yi?

Ma'aikaciyar jinya, Kwangila:
A'a, mu dai sai mun je cibiya da katin shaida. Ki tanadi wanda zai riƙe miki yara a makonnin.