Tambaya kan nazarin amsa gaisuwa irin na Johan Asplund

Masana ilimin zamantakewa, don Allah a taimaka. Johan Asplund na Jami'ar Lund a Suwidin ya nuna a 1987 cewa amsa wa juna ne tushen zaman tare, kuma ƙin amsa gaisuwa nuna iko ne.

Aikin nazarin da ake yi bisa wannan ra'ayi ya cije wajen tantance bidiyon gaisuwa. Ana rubuta wanda ya fara gaisuwa, daƙiƙun shirun da ya biyo baya, da inda ido ya kalla. Sai dai shirun wanda bai ji ba da na wanda ya share da gangan iri ɗaya suke fitowa a takarda, masu tantancewa biyu suna ta saɓawa. Wace alama ce za ta raba waɗannan shirun biyu?