Shawara kan agogon Omega: tsohon ƙira ko na zamani?

Autan Zaure: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na daɗe ina tara kuɗi domin in mallaki agogon Omega guda ɗaya wanda zan riƙe har in bar wa 'ya'yana. An nuna mini biyu na hannu: tsohon Seamaster na shekarun 1960 mai wana kansa da motsin hannu, da wani na baya-bayan nan mai injin Co-Axial wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Wanne kuke ganin ya fi dacewa?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni na zamanin zan ba ka shawara, kuma ga dalilina. Tun asali injin ne ya yi wa kamfanin suna. Louis Brandt ya fara harhaɗa agoguna a garin La Chaux-de-Fonds na ƙasar Suwizalan a 1848, 'ya'yansa suka koma Biel a 1880, sannan a 1894 suka ƙera wani inji da suka raɗa wa suna Omega, wanda kowane mai gyara zai iya cire masa ɓangare ya sa wani ba tare da ya goga ko ya sassaƙa ba. Karɓuwar da ya samu ce ta sa sunan injin ya zama sunan kamfanin a 1903. Shi kuwa Co-Axial, wani Bature ɗan Ingila mai suna George Daniels ne ya ƙirƙiro shi, Omega ya fara sa shi a kasuwa a 1999. Amfaninsa shi ne ya rage gogayya a ɓangaren da ke sakin ƙarfin agogo daki-daki, saboda haka bai dogara da mai sosai ba, kuma yakan daɗe kafin ya nemi wanki.

Dattijon Unguwa: Yaro, ka saurare ni da kyau, domin abin da ya same ni ba na fatan ya sami kowa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini Seamaster irin wanda aka nuna maka, mai hoton dokin ruwa a marfin baya. Da ya fara jinkiri sai na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, na bar shi a wurinsa bisa amana. Da na karɓo yana tafiya daidai, na yi godiya na ƙara masa kuɗi. Sai daga baya na lura hannun daƙiƙa yana tsalle ɗaya-ɗaya, alhali a da tafiya yake yi sumul. Wani masani ya buɗe marfin a gabana, muka tarar an cire injin nan mai launin jan ƙarfe, wanda lambar kamfani ke rubuce a jikinsa, an dasa na batir an tokare shi da farar roba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk wanda za ka saya, a buɗe bayansa kana tsaye, ka ga lambar da idonka, ka ɗauki hotonta, kuma ka san wanda zai riƙa yi maka wanki tun kafin ka miƙa kuɗi.

Hajiya Mai Kanti: Allah Ya jiƙan Baba, Ya mayar maka da alheri. Maganarka gaskiya ce, jabu ya cika kasuwa.

Ɗan Jami'a: Da ni ne, Speedmaster, wani samfurin na Omega, zan nema, tunda shi ne agogon da Neil Armstrong ya taka duniyar wata da shi a 1969.

Malam Injiniya: A gyara wannan. Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo saboda agogon kumbon ya samu matsala. Abokin tafiyarsa Buzz Aldrin ne ya fita da nasa ɗaure a kan rigar 'yan sama jannati. Hukumar NASA ta Amurka ta amince da ƙirar a 1965 bayan ta gwada ta da zafi da sanyi da jijjiga. Abin da ya fi burge ni ma shi ne tafiyar kumbon Apollo 13 a 1970, lokacin da aka kashe yawancin na'urori domin tattalin wuta, aka auna daƙiƙa 14 na kunna injin kumbon da agogon don gyara hanyar dawowa.

Ɗan Jami'a: Na gode da gyaran, Malam, amma hakan ƙara mini son sa ya yi.

Alhajin Tasha: Ku yi haƙuri, ni ban yarda tarihi ya isa dalilin zuba wannan kuɗi ba. Lokacin da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon batir a ƙarshen 1969, ya fi duk waɗannan kiyaye lokaci, har kamfanonin Suwizalan suka durƙushe, sai da aka haɗe manyan rukunoninsu biyu a 1983 kafin Omega ya farfaɗo. Seiko mai kyau zai ishe ka, ka sa ragowar a jari.

Dattijon Unguwa: Alhaji, ba daidaiton lokaci kaɗai yaron yake nema ba, abin gado ya ce.

Hajiya Mai Kanti: Malam Injiniya, an ce ajiye agogo kusa da waya ko lasifika yana rikita shi. Haka ne?

Malam Injiniya: Haka ne, Hajiya, maganaɗisu yana sa siririyar wayar ƙarfen da ke cikin agogon ta manne sai ya riƙa gudu. Tsohon Seamaster ba shi da kariya sosai daga wannan, amma waɗanda ke ɗauke da shaidar Master Chronometer, wadda aka fara a 2015, an gwada su sun jure gaus 15,000, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Auta, ka duba fuskar na zamanin da aka nuna maka ko an rubuta hakan, ka turo mana hoton.