Abin da aka tsinta daga muhawarar sayen agogon alfarma na farko

1. Kusan kowa ya yarda: kada a ci bashi saboda agogo.

2. A sa shi a hannu kafin a biya, domin hoto na ruɗi.

3. Jabu ya yi yawa. Idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, a nemi kwalinsa da takardar garanti, a duba lambarsa, a kai wa ƙwararren mai gyara ya buɗe.

4. Nan aka rabu: wasu sun tsaya kan Rolex saboda riƙe daraja, duk da jiran layi a shagon dillali. Wasu sun ce Omega ko Tudor sun wadatar. Ni ina tare da na biyun.

5. Agogon da ba ya amfani da batir yana bukatar sabis bayan wasu shekaru, kuma da tsada.