Shortcut: gajeriyar hanya ce ko kwatance?

Salamu alaikum jama'a. Kalmar Hausa nake nema wadda za ta tsaya a madadin shortcut na kwamfuta, kuma gyara ne ya kawo ni, ba son surutu ba.

Ƙanina yana da shagon buga takardu. Ba ya shiri da File Explorer, manhajar duba fayiloli da ke zuwa da Windows, wata manhajar fayil ce ya ɗora, irin mai taga biyu ɗin nan, hagu da dama. Makon jiya ya kira ni: "Yaya, shotkot ɗina sun mutu." Idan ya danna su a fuskar kwamfuta sai su buɗe lafiya lau, idan ya danna su daga cikin manhajar tasa sai ta ce ba ta ga komai ba. Gyaran bai ci minti goma ba. Yi masa bayani da Hausa kuwa, har aka kira Magariba muna kai.

Na fara da abin da kowa ke faɗa, gajeriyar hanya. Sai ya ce, "To hanyar ce ta toshe?" Nan na gane kalmar tana kai mutum inda ba nan ba. Babu wata hanya da ta toshe, kuma abin bai gajarta komai ba. Fayil ne ɗan mitsitsi, kilobait ɗaya ko biyu, mai wutsiyar .lnk a ƙarshen sunansa, yana tare da mu tun Windows 95. Windows tana ɓoye wutsiyar ko da ka ce a nuna maka ta sauran fayiloli, sai dai 'yar kibiyar nan da ke gindin tambarin. A cikinsa babu manhaja ko kaɗan. Abin da ke ciki shi ne inda manhajar take zaune, da foldar da za ta fara aiki a ciki, da inda za a ɗauko tambarinta. Ke nan takarda ce da aka rubuta adireshi a kai.

Ga abin da ya faru a shagon. Windows mai bit 64 tana da unguwa biyu, wato foldoji biyu na ajiye manhajoji, masu suna kusan ɗaya: Program Files da Program Files (x86). Wasu daga cikin waɗannan 'yan fayiloli ba sa rubuta cikakken adireshi, sai su sa %ProgramFiles% kawai, kamar ka ce "unguwarmu". Manhajar da ƙanina ya ɗora mai bit 32 ce, ita kuwa idan ta tambayi Windows ina ne "unguwarmu", unguwa ta biyun ake nuna mata. Ta je, ta ƙwanƙwasa, ba kowa. Na cire ta na sa mai bit 64, shi ke nan.

Da na ce masa, "Kwatance ɗaya aka ba mutum biyu, ɗaya ya san garin, ɗaya ya sauka a wata unguwa," sai ya ce, "Au, to ai da haka ka faɗa tun farko."

Saboda haka ni kwatance na kawo. Ina sauraronku.

Na ga amsoshi, Allah ya saka. Bari in bi su.

Masu cewa a bar shi shotkot yadda muka bar kwamfuta da filash, ban ƙi ba, ni ma haka nake faɗa a bakin aiki. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ma ya ce su can rakursi suke cewa, daga Faransanci, kuma ma'anar ɗaya ce da ta Turancin. To kun ga, aro biyu ke nan, na Kano bai san na Damagaram ba. Kuma duk biyun ba sa hana kuskuren da ya fi kowane yawa: ɗalibi ya jawo tambari daga fuskar kwamfuta ya jefa a filash, ya tafi shagon buga takardu da kilobait biyu yana ganin furojet ɗinsa ne. Da an taɓa ce masa "wannan kwatance ne kawai", da bai biya kuɗin adaidaita a banza ba.

Yanke da aka kawo kalma ce mai kyau, ita ce ma ainihin Hausar, don ba wanda ke cewa "mu bi gajeriyar hanya" a cikin gari, "mu yi yanke" ake cewa. Amma ina roƙon a ajiye ta ga ɗaya abin da Bature ya haɗa da wannan a suna guda, wato Ctrl da C, Alt da Tab da 'yan'uwansu. Wannan shi ne yanke na gaskiya, ka tsallake danne-danne uku da yatsa biyu. Su sun cakuɗa abu biyu a kalma ɗaya, ba dole mu gaji cakuɗar ba.

Mahaɗi ya riga ya tafi wajen adireshin intanet. Manuni kuma kibiyar linzami ta riga shi. Wakili, wanda wata 'yar'uwa ta kawo saboda masu Mac alias suke cewa, bai zauna mini ba: wakili yana karɓar aure ko ango ba ya gari, wannan kuwa in mai gida ba ya nan, ba abin da zai iya.

Wadda ta tsayar da ni ita ce kalmar da Malam ya kawo a amsarsa, wato ɗan jagora. Allah ya gafarta Malam, na kwana ina juya ta. Akwai gaskiya a ciki, don abin ba takarda ce zalla ba. Idan ka matsar da fayil daga wata folda zuwa wata a faifai mai tsarin NTFS, wato tsarin adana fayiloli na Windows, Windows tana da wata hidima mai bin sawu, sau da yawa takan gano sabon wurin ta gyara adireshin da kanta. Sai dai lura, Malam, ba shi ne ya yi neman ba, Windows ce. Ɗan jagora yana da ido, in ya tarar an tashi daga gida zai tambayi maƙwabta. Shi wannan, ka kai shi wata kwamfutar, ko harafin filash ya sauya daga E zuwa F, ko an sabunta manhaja ta koma folda mai sabon suna, yawanci tsayawa yake cak.

Malam ya sake cewa kwatance tana iya rikicewa da kwatanci, wato misali. Haka ne, a wasu bakunan ma ɗaya suke. Na karɓi gyaran, shi ya sa na ƙara mata ɗan: ɗan kwatance, jam'i 'yan kwatance. Ƙanƙantar ma ta dace da shi.

Na gwada ta a jimlolin da mai gyara ke faɗa kullum, ku ji ko ta yi tuntuɓe. "Goge ɗan kwatancen, manhajar tana nan." "Danna dama, shiga Properties, duba ko adireshin da ke ciki yana nan har yanzu." "In ya mutu kada ka wahala, je wurin manhajar ka yi sabo." Sai kuma ta cutar nan da ta addabi shagunan kwamfuta: "Fayilolinka suna nan, bairos ne ya ɓoye su ya cika filash ɗin da 'yan kwatance na ƙarya, kada ka danna ko ɗaya." Wannan ta ƙarshen ita ta fi gamsar da ni, don da gajeriyar hanya ba ta faɗuwa.

Na tsaya a nan: ɗan kwatance ga fayil mai kibiya, yanke ga na madannai, wanda ya lalace kuma mataccen kwatance.

Saura abin da akwatin Properties ke kira Target, wato wurin da ɗan kwatancen ke nunawa. Ni gida nake cewa, ƙanina ya ce masauki ya fi, tunda manhaja tana iya tashi. Malam, wanne ka gani?