Neman shawara: rigar Pillars da mahaifinmu ya bari, a sayar ko a ajiye?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kan wata magana da ta tsaya mini a rai, har ta fara kawo ɗaure fuska tsakanina da yayana.

Mahaifinmu ya rasu bayan ƙaramar Sallah, Allah ya jiƙansa. Da aka buɗe akwatinsa don lissafin kayan gado, sai ga rigar Kano Pillars a naɗe ƙarƙashin manyan rigunansa, da tikitin shiga fili da yankakken shafin jarida a cikinta. Duk gidan mun san rigar. Ta wasan farko ce da Pillars ta yi da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009, wanda aka tashi 1-1 a nan Najeriya. Baba yana cikin masu kaɗa ganga a ɓangaren magoya baya, da aka tashi sai wani ɗan wasa ya cire rigarsa ya miƙa masa. Da suka dawo daga Alƙahira da 2-2 ɗin da ta fitar da Al Ahly, sai ya bi su wurin atisaye da biro, waɗanda ya samu suka sa masa hannu a jikinta. Tun daga nan ba ta ƙara ganin ruwa ba.

Yanzu wani mai gidan kallon ƙwallo a unguwarmu ya taya Naira 150,000, zai rataye ta a shagonsa. Yaya ya ce a sayar a zuba kuɗin cikin gado, tunda akwai ƙanne biyu a makaranta. Ni kuma Baba ya sha faɗa mini, har a gaban Umma, cewa ni zan riƙe ta bayansa, don ni nake raka shi filin wasa na Ƙofar Mata tun ina firamare. Shin wannan maganar tasa ta ba ni rigar? In kuma ta zauna a hannuna, yaya zan adana ta? Lambar baya ta fara tsagewa, wasu sa hannun kuma sun dushe.

Malamin Islamiyya daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, zan faɗa maka abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Duk abin da mamaci ya mallaka, komai ƙanƙantarsa, dukiyar magada ce bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Maganar da ya yi maka ɗayan biyu ce. In kyauta ce, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana raye, kai kuwa da bakinka ka ce a akwatinsa aka same ta. In kuma wasiyya ce, to babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Saboda haka rigar ta shiga gado.

Amma ƙofa ba ta rufe ba. A yi mata ƙima, ka ɗauke ta a cikin rabonka, a rage maka daidai kuɗinta. Ko kuma manyan magada su yafe maka kasonsu da daɗin rai. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙananan: in akwai wanda bai balaga ba, babu mai ikon yafe masa haƙƙinsa, sai a biya shi. Mahaifiyarku tana da tumunin dukiya tunda akwai 'ya'ya, ita ma a nemi yardarta a fili, kada a ɗauka shirunta amincewa ne. Ku zauna da malamin da zai raba muku gadon, ku faɗa masa komai yadda yake.

Tsohon mai goyon baya, Kurna:

Allah ya jiƙan ɗan uwanmu. Ban san ko mun taɓa zama layi ɗaya da shi ba, amma duk wanda ya kaɗa ganga a waccan shekara nawa ne.

Yaran yanzu ba su san nauyin abin da ke cikin akwatin nan ba. Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin, ita ta ci na 2008, ga Aboutrika a cikinsu, ga kocinsu Manuel José ɗan Fotugal. Mu kuwa shekara ɗaya ke nan da muka fara ɗaukar kofin Firimiyar Najeriya, ƙungiyar ma a 1990 aka kafa ta. Da aka yi 1-1 a gida, mutane da yawa sun riga sun yi mana ta'aziyya, don wa ke zuwa Alƙahira ya dawo da labari mai daɗi? Sai ga 2-2, ƙwallayen waje suka ba mu hanya, don in jimilla ta zo daidai wanda ya fi ci a gidan abokin karawa ne ke wucewa. Daren nan babura ba su kwanta ba a Kano, ko'ina ka juya kirarin Pillars, "Sai Masu Gida", kake ji. Daga nan muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, muka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da mu da jimillar ci 5-0 a wasannin gida da waje. Wannan ciwon har yau yana nan, ba na son tuna shi. An ɗauki kofi a 2012 da 2013 da 2014 a jere, an ci kofin Aiteo a Kaduna a 2019, amma a Afirka ba mu sake taka inda muka taka a 2009 ba.

Ni abin da nake da shi hula ce mai kore da ruwan ɗorawa da na sa a duk wasannin shekarar. Ta koɗe, ba mai taya ta ko sisi, kuma ba zan bayar ba. Shawarata, yaro, ka bi abin da Malam ya faɗa, ka ɗauki rigar a rabonka ko da za ka rasa wani abu mai tsada. Kuɗi ana sake samu. A gidan kallo kuwa, da zafin kwano da ƙura da hannun kowa, damina biyu ba za ta yi ba.

Hajiya mai ɗinki, Sabon Gari:

Ni ɓangaren adanawa zan taɓa, tunda da yadi nake kwana nake tashi. Kada ka wanke ta, kada ka kai ta wurin masu wanki da guga, kada dutsen guga ya kusance ta. Lambar nan roba ce da aka manna da zafi, zafi ne kuma ke tsaga ta, ka raba ta da ɗakin da rana ke duka da saman sif kusa da rufi. Kada ka ɗaure ta a leda, danshin damina zai taru a ciki ta yi fumfuna. Ka samu farin yadi na auduga da aka wanke ya bushe sarai, ka shimfiɗa ta a kai, ka sa wani ƙyallen tsakanin lambar da sauran rigar don kada su manne, sannan ka rufe. In dole sai an ninke, kada ninkin ya bi ta kan lamba ko sa hannu. Kafur yana korar ƙwari, amma a ƙulle shi a ƙyalle a gefe, kada ya taɓa jikinta.

In kana son sa ta a firam, ka tsaya a kan mai aikin. Yawancinsu gam suke shafawa ko su buga ƙusa. Ka ce a ɗinke ta da zare a jikin yadin baya, a bar tazara tsakaninta da gilashi, a rataye inda hasken rana ba ya sauka. Haske ne ke cinye tawada. Don Allah kuma kada wani ya ce zai bi sa hannun da sabon biro ya fito da su, an ɓata ke nan. Tikitin ma kada a yi masa laminatin, a sa shi a ambulan shi kaɗai, don takardar jarida tana rina abin da ta jingina da shi.

Ɗalibi daga Maraɗi:

Ina tare da Yayanku ta wani gefe, kada a ɗauke shi marar tausayi. Shi nauyin gida ya hau kansa, kuɗin makaranta yake gani. Ka je masa da mafita a hannu, ba da kuka kawai ba.

Game da farashi kuma, za ka ji masu cewa rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 an sayar da ita sama da fam miliyan 7 a 2022, don haka taku ma ta fi abin da aka taya. A yi hattara. Waccan an san hannun da ta fito, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya yi musaya da shi bayan wasan, kuma akwai masu kuɗin da ke rububin irin kayan. A nan ba mu da wannan kasuwar. Ƙimar da za a yi don rabon gado ita ce abin da mai saye na gaske ya taya, kada son rigar ya sa ka rage, kada kuma Yaya ya ƙara.

Wata 'yar uwa daga Gwammaja:

Kowa yana maganar kai da Yaya, ba wanda ya tambayi 'yan matan gidan. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, 'yan uwana maza suka raba hotunansa na ƙungiyar ƙwallon Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978, a tsakaninsu, a zatonsu mace ba ruwanta da ƙwallo. Alhali ni nake goge masa su duk Juma'a, ni ya ba labarin kowane mutum da ke ciki. Har yau abin yana mini zafi. Ka tambayi 'yan uwanka mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ɗauki hoton rigar gaba da baya da kowane sa hannu tun ana iya karantawa, ka tura wa kowa. Ka zauna da Umma da abokan gangarsa ka naɗi muryarsu a waya, su faɗi wane ɗan wasa ne ya ba shi, su wa suka sa hannu, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da ita.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganar ta yi mini nauyi amma na karɓa. Jiya bayan isha'i na samu Yaya, na ce a ƙimanta rigar a kan abin da aka taya, a cire daga rabona, kason ƙananan kuma in biya shi kafin a koma makaranta. Ya ce zai yi shawara da Umma da yayarmu mace, ranar Asabar za mu zauna gaban malamin da ke raba mana. Hajiya, na cire ta daga ledar da aka sa ta ranar lissafi, amma na ga wani farin tabo kusa da wuya. Fumfuna ce ko gishirin zufa, kuma me zan yi masa?

Hajiya mai ɗinki, Sabon Gari:

Ka shinshina. In yana warin danshi kuma yana tashi kamar gari, fumfuna ce: ka shanya ta a inuwa inda iska ke wucewa, yini guda, ka kaɗe a hankali da busasshen burushi mai laushi, nesa da rubutun. In ba wari kuma wurin ya ɗan yi tauri, zufar ɗan wasan ce ta bushe, ka bar ta yadda take.