Inkirifshan: mu tsayar da "kulle saƙo"

Jama'a, ina so mu tsaya kan magana ɗaya game da kalmar nan ta inkirifshan, wato hargitsa saƙo ta yadda mai mabuɗi kaɗai zai iya karanta shi. Kowa da yadda yake juya ta zuwa Hausa: wani ya ce ɓoye saƙo, wani sirrantawa, wani zaurance. Ni ina bayan "kulle saƙo", kuma tarihin kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan shi ne hujjata.

Boris Hagelin, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya ƙirƙiro na'urar da sojojin Amurka suka kira M-209 a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙera kusan 140,000. Da hannu ake murza ta, wili shida ne a cikinta. Ka saita ta yadda kuka shirya da abokin maganarka, ka shigar da harafi, ta fito maka da wani harafin dabam. A 1952 Hagelin ya kafa Crypto AG a Zug. Da yake duniya ta san Suwizalan 'yar ba-ruwanmu ce, gwamnatoci suka saki jiki, ƙasashe sama da 120 suka yi ciniki da kamfanin.

To ku duba: saƙon da ya fito daga na'urar nan ba a ɓoye yake ba. Ta rediyo ko ta waya ake tura shi, duk mai kayan sauraro zai kama shi, karantawa ce dai za ta gagare shi. Don haka "ɓoye saƙo" bai faɗi aikin ba. "Sirrantawa" kuwa ta yi faɗi, takardar da aka buga wa hatimin sirri aka jefa a durowa ita ma an sirranta ta, alhali duk wanda ya ɗauka zai karanta.

Malamin da ya kawo zaurance, Allah ya ƙara basira, na so kalmar ƙwarai don tamu ce gangariya. Sai dai Malam, zaurance ƙa'ida ɗaya gare shi, ranar da bami ya gane inda ake cusa gaɓar, shi ke nan asiri ya tonu. Na'urar Hagelin kuwa abokin gaba ma yana iya sayen irinta ya kwance ta. Abin da ba shi da shi shi ne saitin da ake sauyawa, wato mabuɗi. Kalmar da ba ta da gurbin mabuɗi za ta bar mu a hanya.

Ga inda labarin yake ci mini rai. A 1970 hukumomin leƙen asiri, CIA ta Amurka da BND ta Jamus ta Yamma, suka saye kamfanin a asirce, a wani shiri da daga baya aka sa wa suna Rubicon. Ba su bi ƙasa-ƙasa suna satar mabuɗai ba. Lissafin da ke cikin na'urorin suka raunana tun daga masana'anta, ta yadda mai saye zai ga saƙonsa ya hargitse kamar yadda ya kamata, su kuma su warware shi cikin sauƙi. Da haka aka riƙa karanta saƙonnin Iran da Libiya, da na Ajantina lokacin yaƙin Falkland a 1982. Tarayyar Sobiyet da Sin ba su taɓa yarda sun saya ba. A 1992 Iran ta kama dillalin kamfanin, Hans Buehler, ta tsare shi wata tara, sai da aka biya dala miliyan 1 ya fito, kuma bawan Allah bai san wa yake yi wa aiki ba. BND ta sayar da kasonta a 1993, CIA ta riƙe har 2018, sai a Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidajen talabijin na ZDF da SRF suka fasa ƙwai. Kuɗin talakawan ƙasashen nan aka kwasa aka sayi abin da ake leƙen asirinsu da shi.

Yanzu gwada ba da wannan labari da kalmarmu. Na'urar kulle saƙo. Kullallen saƙo. Mai mabuɗi ya buɗe, marar mabuɗi sai dai ya ɓalle. Lissafin da ke yin kullen mu kira shi kwaɗo. Sai ka ce: Crypto AG ya sayar wa gwamnatoci rarraunan kwaɗo da gangan. Tsohuwa a ƙauye ta gane, injiniya ma ba zai ce an yi ƙarya ba.

Hajiya, na ga gyaranki cewa kulle zai kai hankalin mutane ga auren kulle ko kullen korona. Gaskiyarki in kalmar ta tsaya ita kaɗai, shi ya sa ba za mu raba ta da saƙo ko bayanai ba. A kula da rubutu kuma: k ce, ba ƙ ba, kada a koma ƙulli.

Saura irin na WhatsApp, wanda mai turawa da mai karɓa kaɗai ke riƙe da mabuɗi. Na ajiye "kullen hannu-da-hannu". Mai abin da ya fi shi ya kawo.