Switch 2: a jira ta ko a sayi tsohuwar? (hira kafin fitowarta a 2025)

Bakatsine: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da Nintendo ya sanar cewa sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Switch 2, za ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449.99, na kasa yanke shawara, domin na riga na tara kuɗin tsohuwar Switch ɗin ta 2017. Shin bambancin ya kai mutum ya yi haƙuri?

Ɗan Zariya: Wa'alaikumus salam. Ya kai, malam. Fuskar sabuwar inci 7.9 ce mai kaifin hoto 1080p, alhali ta 2017 inci 6.2 ce mai 720p, sannan ma'ajiyarta 256GB ce maimakon 32GB. Abin da ya fi burge ni shi ne madannan da ke mannewa da maganaɗisu, saboda layin da nawa suke zamewa a kai ya saki, har sai na tallafe shi da ɗan yatsa ina wasa.

Yayan Gidan Gem: Ƙanena, ka lura da abu biyu kafin zumuɗi ya ɗebe ka. Tsohon katin microSD ba zai ɗauki wasannin sabuwar ba, sai microSD Express, wanda ya fi tsada. Kuma wasu katunan wasan mabuɗi ne kawai, dole ka sauke wasan daga intanet, ga shi kowa ya san yadda data take cin aljihu a nan.

Bakatsine: Na gode, Yaya. Tunda yawancin tsofaffin wasannin za su yi aiki a kanta, zan jira in ga farashin da za ta iso Kano da shi.